Na Je Jugu Koyar Da Abin Da Ya Kayar Da Ni

Tun da na dawo daga Dahome ba ni da sakat. A ƙofar masallaci, a ɗakin malamai, har wajen mai shayi, tambayar ɗaya ce: "Shu'aibu, yaya ka baro ƙasar Faransa?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in kawar da zancen. Wasu sun ɗauka rowar labari nake yi. Ba rowa ba ce, kunya ce. Yanzu da ƙura ta lafa, bari in zayyana muku shi tun daga tushe, kowa ya yi dariyarsa sau ɗaya a huta.

Kun san ina da baffa a Jugu, garin da tsofaffin fatake ke kira Zugu. Sunansa Alhaji Mamudu, ƙanin mahaifina ne. Kakanmu ya bar shi can tun zamanin da ayarin goro ke yada zango a garin kan hanyar Gwanja, ya yi aure, ya zama ɗan gari. A farkon damina wasiƙarsa ta iso Yelwa da ajami. Ya ce 'yarsa Salamatu ta yi nisa a makarantar Faransa, an zaɓe ta cikin waɗanda za su yi jarrabawar baka a Paraku, wanda ya ci a tura shi koyon malantar Ingilishi. Abin da za a tambaye su shi ne adabin Ingilishi, kalmominsa da marubutansa. Malamin da ke koya musu kuwa ya tattara ya koma ƙasarsu tun da soja suka karɓi mulki. Ƙarshen wasiƙar ne matsalar: "Mun ji labarin Shu'aibu ya sha Ingilishi ya ƙoshi. A turo mana shi."

Abin da Baffa bai sani ba, mahaifina ma bai sani ba, shi ne sau biyu ina zauna wa wannan takarda ta adabi, sau biyu tana kayar da ni. Ni malamin aji huɗu ne na firamare. Ina koyar da "wannan littafi ne, wancan tebur ne" ba tare da gargada ba, amma iyakata ke nan. Na buɗe baki in faɗa wa mahaifina, sai na ga yadda yake shafa wasiƙar yana murmushi, na haɗiye maganata.

Na tafi wajen Malam Tanimu, tsohon malaminmu wanda ya bar aiki saboda ciwon ido. Shi kaɗai ya san asirina. Da ya gama saurarena, ya laluba ƙarƙashin gadonsa ya ciro wani littafin rubutu mai baƙin bango, ya kumbura don yawan takardun da aka liƙa a ciki. Rabin farko kalmomin adabi ne da bayaninsu, rabin ƙarshe marubuta ne bi da bi, kowa da zamaninsa. Tun yana saurayi yake tara shi.

"Ka karanta mata abin da ke ciki kawai," in ji shi. "Kada ka ƙara naka. Kuma Shu'aibu, ka dawo mini da shi. Idona ya tafi, wannan ya rage mini."

Na naɗe shi a cikin sabuwar rigata, na sa a ƙasan akwati.

Na ƙetare Kwara a jirgin fito, na hau akori-kura zuwa Wawa, daga nan Kayama, daga nan Yashikira. Kwana uku muna fama da taɓo. In mota ta kafe, maza su sauka su tura, mata su tsaya a gefe suna ba da shawara. A wannan mota na haɗu da wata dattijuwa mai fataucin goro, Hajiya Azumi, wadda ta bi hanyar nan har ba ta san adadi ba. Tana jin Dendi, tana jin Barbanci, tana tsintar Faransanci. Da ta ji ko "sannu" ban iya ba da harshen Faransa, ta dube ni da tausayi.

"Ɗan nan, in mun isa kan iyaka ka bar ni in yi magana. Kwanakin nan idonsu ja ne. Ko tari za ka yi, ka tambaye ni tukuna."

Ma'aikatan iyaka na ɓangarenmu ba su ɓata mana lokaci ba. Can tsallake ne, a wata rumfar kwano da aka gitta wa gora a gaba, aka ce kowa ya sauke kayansa. Jandarma uku ne. Babbansu siriri ne mai gashin baki, yana da ladabi ƙwarai, kuma ladabin nan ya fi tsawa ban tsoro. Ya buɗe akwatina, ya ɗaga riga, littafin ya faɗo. Ya fara buɗawa a hankali yana lasar yatsa. Sai ya tsaya a wani shafi, ya daɗe bai ɗago ba.

Na san shafin. A samansa Malam Tanimu ya rubuta PLOT da manyan baƙaƙe, wato yadda ake ƙulla labari daga farko zuwa ƙarshe. A ƙasa ya zana wani abu kamar tudu, da kibiyoyi suna hawa suna sauka, don ya nuna yadda rikici ke tashi ya kai ƙololuwa ya sauko. A gefe kuma ya ba da misali da wani tsohon wasan kwaikwayo, ya rubuta da Ingilishi: janar, sarki, daren da za a kashe shi.

Jandarman ya ɗora yatsa a kan kalmar, ya faɗi wani abu a hankali. Na ga fuskar Hajiya Azumi ta sauya.

"Me ya ce?"

"Ya ce wannan kalma 'yar'uwar tasu ce, kwamfulo. Makirci ke nan, na juyin mulki. Ya ce ga taswira, ga janar, ga kisa. Yana tambaya wane janar ne."

Na ce, "Hajiya, ki gaya masa wasa ne! Wasan kwaikwayo ne, mutanen ma ba a taɓa yin su ba!"

Ta gaya masa. Ya ce in ba a taɓa yin su ba, me ya sa aka zana hanyar da za a bi a kashe su? Na yi bayani, ta fassara, ya girgiza kai. Na sake yi, ta sake fassarawa, ni kaina ina jin bayanin yana ƙara lalacewa a bakina. Aka zaunar da ni a benci tun hantsi har rana ta karkata. Direba ya fara hura hanci, fasinjoji suna harara ta. Hajiya Azumi ba ta gaji ba. Ta rantse masa ta san gidanmu, ta ambaci sunan Baffa, ta ce duk Jugu an san Alhaji Mamudu. Daga ƙarshe ya ce ni in wuce, amma littafi zai tafi wajen manya a duba. Ya ba ni wata 'yar takarda mai hatimi, ya sara mini.

Na hau mota ba na ko gani sosai. Muna tashi sai na ga direba ya koma hannun dama ya miƙe, na ƙwala ihu na ce zai kashe mu. Mota duka ta fashe da dariya. Ashe a can haka ake tuƙi, ba kamar mu da ke bin hagu ba. Ni dai ban yi dariya ba. Tun daga nan har Nikki, har Paraku, lissafi ɗaya nake yi: me na tuna a cikin littafin nan? Sai in kamo kalma, in nemi ma'anarta, ta sulluɓe.

A Paraku na sauka gidan abokin Baffa, Idi mahauci, a unguwar Banikani. Mutum ne ƙato mai fara'a, kullum yana tsakanin kasuwar shanu da Fulani. Hausarsa ta ba ni wahala da farko. Makaranta lakwal ce, littafin rubutu kaye ne, babbar mota kamiyo, kuma yana cikin magana sai ya zarce da Dendi bai ma sani ba. Aka kawo mini sakwara mai laushi da miyar gyaɗa, a ciki da wani abu ja a waje fari a ciki, na ɗauka nama ne. Ya ce wagashi ne, cukun Fulani da ake rinawa da karan dawa. Da safe kuma aka kawo burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa har yana yanka dasashi. A wani lokacin da na ci na ƙara. Ran nan komai kamar ƙasa yake a bakina.

Na nuna wa Idi takardar jandarma, na ce ya raka ni ofishinsu. Ya karɓa ya juya ta, ya miƙo mini.

"Malam, ka ga garin nan? Da rana ta take, kowane ofis rufewa yake sai bayan azahar, manya suna barci. In sun farka kuma ba wanda ke so a tuna masa da kalmar da ke cikin kayenka. Wanda ya je neman takarda a wannan marra, shi ma takarda zai zama. Ka tafi Jugu abinka."

Washegari na tafi. Ban taɓa shiga gari ina fatan mota ta lalace ba sai ran nan.

Jugu gari ne na Musulmi, unguwar su Baffa kuwa in ka rufe ido ka ce a gida kake, sai dai gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, kuma ƙarami kan rusuna har ƙasa ya daɗe bai tashi ba. Baffa ya tsufa, amma kamarsa da mahaifina har ta ba ni tsoro. Ya rungume ni ya yi hawaye. Kafin in sha ruwa zaure ya cika. Ashe tun mako guda yake shelar zuwana.

"Ga shi nan," in ji shi. "Ɗan wana ne. Turawan Ingila da kansu in sun rikice shi suke tambaya. Shu'aibu, yi musu kaɗan su ji."

Na miƙe na karanto musu darasin aji huɗu a kan amfanin tsafta. Aka yi ta kabbara.

Salamatu ba ta cikin masu kabbara. Tana tsaye bakin ƙofar cikin gida, doguwa, mai shekara goma sha takwas, da kaye a rungume. Ita kaɗai ce mace a unguwar da ta kai wannan aji, kuma na ji daga baya cewa ba ƙaramin surutu Baffa ya sha a kanta ba. Jarrabawa saura kwana goma sha biyu.

Muka fara da safe a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ta buɗe kayenta, na ga ta jera tambayoyi shafi uku.

"Yaya, mene ne bambancin simile da metaphor? Mushe, wato malaminmu da ya tafi, ya fara mana bai gama ba."

Wannan na sani, na gode wa Allah. Na ce na farko shi ne ka ce Idi kamar bijimi yake, na biyu ka ce Idi bijimi ne kai tsaye. Ta rubuta. Ta tambayi ta biyu, na yi kame-kame na fita. Ta uku na ce mu bari sai gobe. Gobe ta yi, na ce kaina na ciwo. Na shiga ɗaki na kwanta ina kallon azara, ina jin ta a waje tana maimaita kalmomi ita kaɗai, tana tuntuɓe a wuraren da ni ma nake tuntuɓe.

A rana ta uku ta tambaye ni irony. Na fara magana, na yi nisa, na ga ta ajiye alƙalami tana kallona. Sai kawai na ji ba zan iya ba.

"Salamatu, zan gaya miki wata magana. Littafin da zan koya miki da shi an ƙwace a kan iyaka. Ni kuma wannan jarrabawa sau biyu ina faɗuwa irinta. Abin da Baffa ke faɗa a kaina ba haka ba ne."

Ta rufe kayenta. Sannan idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, da ka faɗa tun a wasiƙa. Akwai wani malami a Natitingu da aka ce zai karɓe ni. Baba ya ce a'a, ga namu na zuwa." Ta share ido da bakin mayafi. "In na faɗi, ba ni kaɗai na faɗi ba. Duk wanda ya ce wa Baba ya yi wauta, ya ci gari. Ƙannena mata biyu ma ba za su ƙara taka lakwal ba."

Na ce in ta so in je in gaya wa Baffa yanzu.

"Ka gaya masa ya yi yaya? Kwana tara ya rage." Ta jawo kayen ta tura mini. "Ka faɗi sau biyu, ai ka karanta sau biyu ke nan. Abin da ka tuna ka kawo, abin da na tuna in kawo."

Haka muka yi. Ita tana da guntayen bayanin Mushe da Faransanci, ni ina da guntayen Malam Tanimu, sai mu haɗa mu ga ko za su yi riga. Mahaifiyarta, Inna Hajo, tana gefe tana tankaɗe, ba ta jin ko harafi, amma kunnenta na wajenmu. Muna ta fama da irony ɗin nan, na ce shi ne a faɗi magana ana nufin kishiyarta. Sai ga almuru ya kusa, ƙanwar Salamatu ta shigo da tulu, tun hantsi aka aike ta rijiya.

"Sannu da sauri, 'yar albarka," in ji Inna Hajo. "Ai ko barewa sai haka."

Ni da Salamatu muka dubi juna. Ta ce, "Inna, kin san abin da kika yi yanzu Turawa sun sa masa suna?"

"Gatse? To su ma suna da 'ya'ya ke nan."

Daga ran nan Inna Hajo ta zama ta uku. Mu faɗi ma'ana da Hausa, ita ta kawo misali daga tatsuniya ko karin magana ko rikicin maƙwabta, Salamatu ta mayar da Ingilishi, ni in gyara mata nahawu, don wannan dai na iya. Da muka zo tragedy, na ce labarin babban mutum ne wanda halinsa ya kai shi ga halaka. Inna Hajo ta ajiye rariya ta ba mu labarin wani madugu na zamanin kakanni, wanda aka ce kada ya ƙetare kogi da ayari ran nan, girman kai ya hana shi jira. Ni da na zauna wa jarrabawa sau biyu, sai a bakin tsohuwar nan na gane kalmar.

Marubuta ne suka zame mana ƙaya. Nan ba tatsuniyar da za ta taimaka, sai abin da ke kaina. Na zauna na jero su yadda na tuna, kowa da zamaninsa da irin abin da ya rubuta, ta haddace tsaf. Ina ba ta ina fargaba, amma na ga jerin ya tsaya daidai, na ce Allah ya rufa asiri.

Ran Litinin ita da Inna Hajo suka tafi Paraku gidan Idi, don ta huta kafin Laraba. Ni Baffa ya riƙe ni, ya ce sai ya kai ni ƙauyen Partago ran Talata in gai da wani tsoho da ya yi fatauci da kakanmu. Muka je, muka gaisa, aka shimfiɗa mana tabarma. A bayan danga mata biyu suna kirɓa sakwara, taɓarya na faɗuwa bi da bi, tim, tim, tim, tim.

Malam Tanimu yana da wata al'ada. In zai koya mana marubuta, sai ya riƙa buga tebur da tafin hannu muna rera sunayen a jere. Na shekara ban tuna da wannan ba. Sautin taɓaryar nan ne ya tayar da shi. Ina zaune ana hira, sunayen suka fara zuwa da kansu a kan bugun, ɗaya bayan ɗaya, har na iso tsakiya. Nan na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Akwai biyu da sunayensu suka yi kama a kunne, ɗaya mawaƙi, ɗaya mai rubuta dogayen labarai, tsakaninsu fiye da shekara ɗari. Na juya su. Na ba wannan zamanin wancan, na ba wancan aikin wannan. Kada ku tambaye ni sunayensu, har yau ba na son jin su.

Na miƙe tsaye ban sani ba. Baffa ya ce, "Lafiya?"

"Baffa, na yi kuskure a karatun Salamatu. Dole in same ta kafin gobe."

Ya dube ni, ya dubi tsohon, bai tambaye ni komai ba. Ya ce a ba mu takalmanmu.

Kafin mu koma Jugu la'asar ta wuce, motar Paraku ta ƙarshe ta tashi. Muka je gidan waya, ma'aikacin ya ce ruwan shekaranjiya ya kayar da turaku, layi a yanke yake. Da asuba Baffa da kansa ya kai ni bakin hanya ya tsayar da wata kamiyo mai ɗauke da buhunan masara, na haye sama. Jarrabawa ƙarfe takwas za a fara. Na yi ta gaya wa kaina ɗalibai da yawa ne, ɗaya bayan ɗaya ake shiga, wataƙila ita ce ta ƙarshe. Muka yi faci a hanya. Muka tsaya shingen soja sau biyu, kowane sai an sauke mu an duba. Wani gari da muka ratsa direba ya tsaya cin wasa-wasa, wani abinci baƙi da ake yi da garin doya, ya ce in sauko in ɗanɗana. Na roƙe shi don Allah don Annabi ya tashi. Ya ce wanda ke sauri ya sayi tasa motar.

Rana ta kusa take tsaka na isa makarantar, rigata duk ƙurar masara. Inna Hajo na zaune gindin mangwaro da carbi. Ta ce, "Yanzun nan ta shiga."

Da na iso da ɗan lokaci kaɗan. Na tsaya ina kallon ƙofar nan mai shuɗin fenti, ina roƙon Allah ya kawar da bakin mai tambaya daga waɗannan biyun. Marubuta sun fi ashirin, me zai kai shi can?

Da ta fito, fuskarta ta gaya mini kafin bakinta. Ta gan ni, ta tsaya.

"Ka sani ke nan," in ji ta.

"Jiya na tuna. Na yi ta..."

"Su ya tambaya. Na faɗa masa da ƙarfina, yadda ka koya mini. Ya cire tabarau ya ce in sake tunani. Na sake faɗa." Ta ɗaga yatsu biyu. "Sau biyu, Yaya."

Ta wuce wajen mahaifiyarta. Har muka koma Banikani ba ta ƙara ce mini komai ba, ni ma ban ga fuskar da zan yi mata magana da ita ba. Aka ce sakamako sai bayan wata biyu. Hutuna ya ƙare, ban koma Jugu ba. Na ba Idi saƙo zuwa ga Baffa, na rubuta masa gaskiya duka da ajami, har faɗuwata sau biyu, na hau motar Nikki.

A kan iyaka na miƙa takardata mai hatimi. Mai gashin bakin an canza masa wuri. Wanda ya gaje shi ya duba wani akwati, ya ɗaga kafaɗa, ya ce an tura kudu. Ina a kudu? Bai sani ba.

Zuwa gidan Malam Tanimu ya fi mini hanyar nan duka nisa. Na durƙusa na faɗa masa. Ya daɗe yana murza gemu.

"Makirci," in ji shi. "Shekara ashirin ina koyar da makirci ban sani ba." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, sannan ya juya fuska bango. Da zan fita ya ce, "Ka riƙa zuwa ran Asabar da alƙalami. Abin da ya rage a kaina mu kwashe kafin shi ma a tura shi kudu." Ina zuwa har yanzu. Mun kai shafi arba'in.

Wata biyun nan ku kuka gan ni, kuna cewa na rame, ko ruwan Dahome ne bai karɓe ni ba. Duk ranar da motar wasiƙu ta shigo sai in ji zazzaɓi. Baffa bai amsa mini ba, kuma shirun nan ya fi zagi ciwo.

Makon jiya ambulan ta iso, da kan sarkin Dahome. Takarda biyu ne a ciki. Ta Baffa layi uku ce da ajami. Ya ce ya karanta, ya ce ɗa ba ya faɗuwa a gidan ubansa, ya ce in gai da wansa. Ta biyun da Ingilishi take, rubutun Salamatu. Na karanta a tsaye a ƙofar gidan waya. Ga abin da ta ce, na mayar muku da Hausa:

"Yaya, na ci. Ni ce ta ƙarshe a jerin waɗanda aka ɗauka, amma an ɗauke ni. Da na je karɓar takardata na haɗu da mai tabarau. Ya gane ni. Ya ce wanda ya koya mini kalmomi ya san aikinsa, a gaishe shi. Wanda ya koya mini marubuta kuwa, a nemo shi a zane shi. Ban gaya masa mutum ɗaya ba ne. Gaisuwar na aiko maka. Bulalar tana wajen Inna, ta ce sai ka zo."